Tambayoyin da 'yan lakwal suka fi yi min a kan F = m × a

Salamu alaikum. Na daɗe ina yi wa yaran unguwarmu kur na fizik da dare a nan Birni, cikin Damagaram, tabarma ɗaya a ƙofar gida, ɗan tabulo jingine a bango, fitilar waya idan wuta ta ɗauke. Duk shekara idan bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ta matso tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a kan ƙa'idar motsi ta F = m × a, wasu ma iyaye ne ke yi min su, shi ya sa na ce bari in tattara su wuri ɗaya. Abin da na lura shi ne yaranmu ba lissafin ne ke kayar da su ba, ninka lamba biyu ai ɗan firamare ma ya iya. Kalmomi ne. Da Hausa muna cewa "nauyi" ga abu biyu daban, muna cewa "gudu" ga abu biyu daban, sai kuma a zo a koya maka da Faransanci ka haddace ba tare da ka taɓa ganin abin da idonka ba.

Yaya, a taƙaice me wannan ƙa'idar take cewa?

Tana cewa ƙarfin da ke tura abu ko jan sa daidai yake da mas ɗin abin sau yadda gudunsa ke sauyawa. F shi ne ƙarfi, wanda mushe, wato malamin lakwal, ke ce wa fors, ana auna shi da niyuton. m shi ne mas, da kilo. a shi ne akselerasiyo, wato ƙaruwar gudu ko raguwarsa. Idan ka san biyu ka sami na uku: F = m × a, ko a = F ÷ m, ko m = F ÷ a. Shi kenan fa. Duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa bayani ne na yadda za ka gane wace lamba ce za ka saka a wane gurbi.

To mene ne bambancin gudu da akselerasiyo? Ni duk ɗaya nake jin su.

Tsaya bakin titi ka kalli ɗan kabu-kabu lokacin da ya ɗauki fasinja. Yana tsaye, gudunsa sifiri. Ya murza, bayan sakan ɗaya yana tafiyar mita 2 a sakan, bayan sakan biyu mita 4 a sakan, bayan sakan biyar ya kai mita 10 a sakan. Mita 10 a sakan ɗin nan shi ne gudu. Amma wancan 2 da ake ƙarawa duk sakan, shi ne akselerasiyo, shi ya sa ake rubuta shi m/s², ma'ana mita kaza a sakan, a cikin kowane sakan. Jikinka ma ya san bambancin tun kafin ka shiga lakwal: lokacin da moto ke tashi kana jin kamar ana jan ka baya har sai ka riƙe ƙarfen, da ya daidaita gudunsa a kan kwalta sai ka saki hannu ka ciro waya. Abin da ka ji a farko shi ne akselerasiyo. Gudu shi kaɗai ba ya jan ka ko'ina.

Yadda ake samo shi: gudun ƙarshe a cire gudun farko, a raba da lokacin da aka ɗauka. A nan 10 a cire 0, a raba da 5, ya ba da 2 m/s². Idan moton kilo 100 ne, direba 65, fasinja 75, jimla kilo 240, to F = 240 × 2 = niyuton 480. Yanzu a ɗora fasinja na biyu mai kilo 60, jimla ta zama 300, injin kuma ƙarfinsa bai ƙaru ba, sai a ya koma 480 ÷ 300 = 1,6. Kowa ya san moto mai mutum uku tashinsa da sanyi yake, ga dalilin nan a lamba.

Niyuton ɗaya ɗin nan nawa ne a zahiri?

Ƙarfin da zai sa abu mai kilo 1 ya riƙa ƙara gudun mita 1 a sakan duk sakan. Idan kana son ka ji shi a tafin hannunka, ɗora abu mai kamar giram 100, wannan dannawar da kake ji ita ce kusan niyuton ɗaya, ɗan abu ne ƙwarai. Ledar ruwan sanyi ta rabin lita kusan niyuton 5 ce. A 1948 ne babban taron awo na duniya ya amince a riƙa kiran wannan ma'aunin da sunan Newton, masanin da ya fitar da wannan ƙa'idar.

Malam, mas da puwa fa? Mu dai duka nauyi muke cewa.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma ba laifinku ba ne. A kasuwar Dole idan ka ce nauyin buhu kilo 50 ne babu wanda zai ce ka yi kuskure. Amma a fizik kilo 50 ɗin nan mas ne, wato yawan abin da ke cikin buhun, ko ka kai shi Yamai ko Makka ko duniyar wata kilo 50 ɗin ne. Shi kuwa puwa ƙarfi ne, jan da ƙasa ke yi wa buhun zuwa gare ta, tunda ƙarfi ne kuwa da niyuton ake auna shi ba da kilo ba. Kuma ba wata sabuwar ƙa'ida ba ce, F = m × a ɗin ce dai: duk abin da aka saki ya faɗo gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9,8 a sakan duk sakan, wannan lambar ake kira g, sai a rubuta P = m × g. Buhun siminti mai kilo 50: 50 × 9,8 = niyuton 490. A duniyar wata g kusan 1,62 ne, buhun nan zai koma niyuton 81, yaro ma zai ɗaga shi, amma simintin da ke ciki ko cokali bai ragu ba.

Ni abin da nake ce wa yarana, idan muna magana da Hausa a tabarma mu ce "kilonsa" idan mas muke nufi, mu ce "jan ƙasa" idan puwa muke nufi. Tunda muka fara haka rikicin ya ragu sosai.

9,8 zan saka ko 10?

Abin da aka ba ka a takardar. Idan an ce a ɗauki g = 10 ka ɗauki 10, don sauƙi ne. A gaskiya ma g ba daidai yake ko'ina ba, kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu inda muke wajen 9,78 ne, can ƙuryar arewa ya kai 9,83. Wani abu kuma, mu nan waƙafi muke sakawa, 9,8, littattafan Najeriya ɗigo suke sakawa, lamba ɗaya ce kada ta ruɗe ka.

A ba mu misali ɗaya daga farko har ƙarshe mana.

To mu ɗauki abin da duk ɗan Damagaram ya sani, kurar ɗan ga-ruwa. Bido 10 na lita 25, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwa kenan kilo 250, mu ce kurar da bidojin kilo 50, jimla 300. Ya tashi daga tsaye, cikin sakan 4 ya kai tafiyar mita 1 a sakan. a = 1 ÷ 4 = 0,25 m/s². F = 300 × 0,25 = niyuton 75.

A nan ne wani yaro ya taɓa tsayar da ni, ya ce yaya wannan ba gaskiya ba ne, niyuton 75 ai jan ƙasar abu ne da bai kai kilo 8 ba, shi kuwa yana ganin ɗan ga-ruwa idan zai tayar da kura sai ya duƙa, ya kafa yatsun ƙafa a ƙasa, jijiyoyin wuya sun fito, silifas na zamewa a rairayi. Wallahi na ji daɗin tambayar nan har raina, don ita ce ta kai mu ga abin da ya fi komai muhimmanci.

Wato F ba turin mutumin ba ne kenan?

A'a. F da ke cikin ƙa'idar shi ne abin da ya RAGE bayan an haɗa duk ƙarfin da ke kan abin, na gaba a cire na baya. Mutumin na turawa gaba, rairayi na riƙe tayoyi baya, ga taya ba isasshiyar iska, ga gindin ƙafa ba mai. Idan wannan riƙon ya kai niyuton 200, to shi sai ya tura da 275 kafin a sami rarar 75 da za ta ƙara wa kurar gudu. Kamar ciniki ne, ka sayar da kaya na jaka 275 amma uwar kuɗi 200 ce, abin da ya shiga aljihunka 75 ne, kuma da shi za ka yi cefane. Idan ya tura da 200 cif alhali kurar na tafiya, za ta ci gaba da tafiyarta yadda take, ba ƙari ba ragi, ga shi yana gumi amma akselerasiyo sifiri ne.

Shi ya sa mushe ke nacewa sai kun zana hoto da kibiyoyi kafin ku taɓa kalkilatiris, kuma yana da gaskiya. Ga misalin guga a rijiya, cike da ruwa kilo 10. Ƙarfi biyu ne a kansa, igiya na ja sama, ƙasa na ja ƙasa da niyuton 98. Idan ka riƙe shi tsaye igiya na ɗauke da 98. Idan kana jan sa a hankali da gudu ɗaya har yanzu 98 ne, wannan yana ba mutane mamaki. Sai lokacin da ka fizge shi, mu ce gudunsa na ƙaruwa da 0,5 m/s², rarar ita ce 10 × 0,5 = 5, igiya kenan na ɗauke da 103. Idan fizgar ta yi tsanani lambar sai ta haura sosai, kuma tsohuwar igiya a nan take tsinkewa, a wurin fizga, ba wurin riƙo ba. Duk wanda ya taɓa rasa guga a rijiya zai tuna lokacin da abin ya faru.

Na bi duk matakan amma an ja min jan biro. Me ya faru?

Sau da yawa ma'auni ne. Ƙa'idar ba ta karɓar komai sai kilo, mita da sakan. An ba ka kilomita 36 a awa ka saka 36 ɗin haka, to ka tafi. Sai ka raba da 3,6 tukuna, don kilomita ɗaya mita 1000 ce, awa ɗaya sakan 3600, sai 36 ya zama mita 10 a sakan, 72 ya zama 20, 90 ya zama 25. Wanda ya manta a misalin kabu-kabun can zai sami niyuton 1728 maimakon 480. Haka giram, a raba da 1000. Ƙwallon ƙafa giram 410 zuwa 450 take, mu ce 430, wato kilo 0,43, idan aka buga ta ta tashi da mita 20 a sakan, ƙafa kuma ta taɓa ta na sakan 0,01 kawai, a = 2000 m/s², F = niyuton 860. Wanda ya saka 430 zai sami 860 000, ƙarfin da ko katangar Birni ba za ta tsaya masa ba. Tan kuma a ninka da 1000. Idan ka gama ka dubi amsar ka tambayi kanka ko mutum zai iya wannan, kuma kada ka bar lamba tsirara, rubuta N a bayanta, ana cire maki a kan wannan.

Kar ɗin fasinja da ke gudun 90 a hanyar Maradi, an ce F ɗinta sifiri ne. Ta yaya?

Idan hanya miƙaƙƙiya ce kuma allurar gudu na kan 90 ba ta motsi, e sifiri ne. Injin na turawa, iska da gogar taya na riƙewa, sun yi kunnen doki. Man da ake ƙonawa na biyan wannan riƙon ne kawai. Amma da ta shiga kwana labari ya sauya ko da allurar ba ta motsa ba, don sauya alkibla ma akselerasiyo ne, shi ya sa fasinjoji ke kwantawa gefe ɗaya, kayan da aka lafta a sama kuma suke neman zubewa waje.

Idan amsa ta fito da alamar ragi, kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, tana gaya maka ƙarfin yana fuskantar baya ne, kamar birki. Ɗauki tankar mai irin waɗanda ke fitowa daga matatar SORAZ, mu ce tan 30 da lodinta, kilo 30 000, tana gudun 72, wato mita 20 a sakan. Direba ya taka birki ya tsaya cikin sakan 10. a = (0 − 20) ÷ 10 = −2, F = −60 000 N. Ƙaramar mota mai kilo 1000 niyuton 2000 kawai take buƙata ta yi irin wannan tsayuwar. Kuma cikin sakan 10 ɗin nan tankar ta ci mita 100 tana tafiya, tsawon filin ƙwallo. Idan kana son ta tsaya cikin sakan 2 sai an sami niyuton 300 000, taya da kwalta da wuya su ba da wannan. Don Allah idan ka ga babbar mota na tahowa kada ka ce ai direban ya gan ni zai tsaya, ya gan ka ɗin, tsayawar ce ba a hannunsa take ba.

Malam, ni ban yi lakwal ba, ɗana ne ke karatun. Me wannan zai amfane mu da shi?

Baba, ga abu ɗaya da nake so kowane magidanci ya ji. Kullum muna ganin an ɗora yaro a kan tankin moto, ko uwa ta rungume shi a baya, ana cewa ai ana riƙe da shi. Yaro mai kilo 15, moto na gudun 36 kawai wanda ba wani gudu ba ne a cikin gari, aka yi karo aka tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. a = 10 ÷ 0,1 = 100. F = 15 × 100 = niyuton 1500, kamar a ce ka riƙe buhun siminti uku da hannu a lokaci guda kuma ba shiri. Babu hannun da zai iya, komai son da kake yi wa ɗanka. Babba mai kilo 70 kuwa niyuton 7000 ne, siminti buhu 14.

Maganin kuma cikin lissafin yake. Ba za ka rage kilon mutum ba, amma za ka iya rage gudu, kuma za ka iya tsawaita lokacin tsayawa. Idan tsayawar ta ɗauki rabin sakan maimakon 0,1, ƙarfin ya ragu sau biyar. Aikin soson da ke cikin hular kwano kenan, yana lotsewa ya ƙara wa kai ɗan lokaci. Shi ya sa filin kokowa rairayi ne, ƙato ya ɗaga ƙato ya maka da ƙasa ya tashi ya karkaɗe jiki, da a kan siminti ne sai asibiti. Masu sauke kankana daga mota ma idan an jefo musu sai su bi ta da hannu zuwa ƙasa, ba su cafke ta tsaye.

Dutse babba da ƙarami, wanne zai riga faɗowa?

Tare za su iso. Babban ƙasa ta fi jan sa, gaskiya ne, amma kuma ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, a = (m × g) ÷ m, m ta cinye m, saura g. Gwada da tsakuwa da rabin bulo daga kan soro idan ba kowa a ƙasa. Takarda da gashin kaza iska ce ke riƙe su. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott, a tafiyar Apollo 15, ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare, hoton bidiyon yana nan a intanet, ku nema ku gani.

Newton ne ya ƙirƙiro abin shi kaɗai?

Isaac Newton ɗan Ingila ne, ya fitar da dokokinsa uku na motsi a 1687 cikin littafinsa Principia da ya rubuta da Latin, wannan ita ce ta biyu. Amma ya tarar da aiki, Galileo ɗan Italiya ya riga ya auna yadda abubuwa ke gangarowa suna ƙara gudu, tun kafin su kuma Ibn Sina ya yi rubutu cewa abin da aka jefa ba zai tsaya da kansa ba in babu abin da ya tare shi. Shi Newton ma da kalmomi ya faɗe ta, yana maganar sauyin motsi, rubuta ta a siffar lissafi irin wadda muke amfani da ita aikin Euler ne wajen 1750.

Akwai inda ba ta aiki?

Akwai, idan gudu ya kusa na haske, kilomita 300 000 a sakan, nan sai lissafin Einstein, haka cikin ƙwayar zarra. Idan kuma kilon abin na sauyawa yana tafiya, kamar roka mai ƙona manta, sai an gyara rubutun. Ga moto da kura da guga da duk abin da za a tambaye ka a bak, tana aiki daram.

Yaya zan yi in saba da ita kafin jarrabawa?

Ka bar haddar amsoshin tsofaffin takardu, ka auna abu da kanka ko sau ɗaya. Mu abin da muka yi, mun ari baro, muka auna mita 8 a wuri mai tauri muka ja layi da gawayi, yaro ɗaya ya tura daga tsaye da ƙarfi ɗaya gwargwadon iyawarsa, wani na riƙe da agogon waya. Idan abu ya tashi daga tsaye, a = 2 × nisa ÷ (lokaci × lokaci). Ya ɗauki sakan 4, a = 16 ÷ 16 = 1. Muka ɗora bido ɗaya cike muka sake, lokacin ya ƙaru, a ya sauka, muka ƙara na biyu ya sake sauka. Lambobin ba su fito tsaf kamar na littafi ba, don hannun mutum ba inji ba ne kuma riƙon taya na ƙaruwa da lodi, sai muka zauna muna gardamar dalilin har aka kira isha'i. Ku gwada a unguwarku, a maimaita kowane awo sau uku a ɗauki matsakaici, kuma mai riƙe agogo ya tsaya daidai kan layin ƙarshe, ba a bayan mai turi ba.